Daƙiƙu Goma na Farko: Yadda Ƙaramin Rukunin Soja Ke Yaƙi Idan Wuta Ta Buɗe

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen filin atisayen soja ya ga abin da ke ɗaure wa farar hula kai. Mutum takwas ko goma suna tafe a warwatse, sai wani mai igiya biyu ya daka tsawa, duk su zube ƙasa, su ja ciki, rabi su kwanta suna auna bindiga, rabi su zabura da gudu su sake zubewa. A tashe su, a mayar da su inda suka faro, a sake. Tun hantsi har azahar abu ɗaya ake ta maimaitawa. Mai kallo yakan ɗauka gwale-gwale ne kawai irin na bariki, don a karya wa kurtu taurin kai. Alhali wannan maimaici shi ne kusan duk abin da ke tsakanin soja da ajali a daƙiƙun farko na arangama, kuma sai da aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa kafin rundunonin duniya su yarda da shi.

Dalilinsa yana cikin jikin ɗan Adam. Idan harsashi ya wuce kusa da kunnen mutum, zuciya takan buga da ƙarfi, yatsu su daina jin magana, ido ya kafe a wuri ɗaya ya manta da gefe, kunne ya toshe. Wasu sukan sandare a tsaye. Wasu sukan ruga su cure wuri ɗaya da 'yan'uwansu, abin da mai bindiga mai jigida yake nema ke nan. A wannan hali ba a tsara dabara, kuma ba a jin dogon bayani. Abin da jiki ya riga ya haddace shi kaɗai yake fitowa, kamar yadda direban da ya daɗe a hanya ke taka birki idan akuya ta faɗo titi, ƙafarsa ta riga tunaninsa. Aikin atisayen shi ne ya cika waɗannan daƙiƙu da motsi mai amfani, har hankalin kofur ya dawo jikinsa ya fara tunani. Iyakar aikinsa ke nan, kuma duk rundunar da ta ɗora masa abin da ya fi haka ta ji a jikinta.

Abin da ya wargaza sahu

Shekaru aru-aru sojan ƙasa a sahu yake yaƙi, kafaɗa da kafaɗa, hafsa na tsaye yana ganin kowa, kowa na jin muryarsa. Bindigogin da ake ɗurawa ta baki ba sa kai wa nesa, ba sa kuma samun abin da aka auna sosai, don haka ƙarfi yana cikin yawan bakin bindigar da za su tashi lokaci guda. Bindiga mai jigida da igwa mai saurin harbi su suka rushe wannan tsari. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun kogin Somme a Faransa, sojojin Birtaniya sun fito daga ramuka suka doshi Jamusawa, da yawansu a jere. Kafin rana ta faɗi mutum 57,470 sun mutu ko sun jikkata ko sun ɓace, 19,240 daga cikinsu gawa ne.

Jamusawa sun riga sun fara neman mafita tun 1915. Wani kyaftin mai suna Willy Rohr ya karɓi ragamar wata rundunar gwaji, ya kasa mutanensa ƙananan gungu, kowane gungu da gurnetinsa da makamansa masu sauƙin ɗauka, suna bi ta ramukan da igwa ta haƙa, suna kauce wa wurin da ya yi tauri suna kutsawa ta inda ya yi laushi. Babban sauyin da ke ciki shi ne wanda aka miƙa wa ikon yanke shawara. Tunda hafsa ba ya iya ganin kowa, dole aka bar wa saje da kofur su duba ƙasa su zaɓi hanya. Wannan salo ne suka yi amfani da shi a babban farmakin 21 ga Maris 1918, wanda ya keta layin Birtaniya fiye da yadda aka taɓa yi tun da yaƙin ya kafe a ramuka.

Birtaniya ma ta koyi darasi. A Fabrairu 1917 ta fitar da sabon umarnin horo wanda ya mayar da falatun, wato rukunin mutum talatin zuwa arba'in da ƙaramin hafsa ke jagoranta, ya zama mai cin gashin kansa a fagen fama. Aka kasa shi sashe huɗu: masu jefa gurneti da hannu, masu harba gurneti da bindiga, masu bindigar Lewis mai sarrafa kanta, sai 'yan bindiga zalla. Manufar ita ce idan suka ci karo da maɓoyar abokan gaba, ba sai sun jira igwa daga baya ba. Sashe biyu su danne ta da wuta, biyu su zagaya ta gefe. Sojojin Kanada sun yi aiki da wannan tsari a tudun Vimy a Afrilu 1917, suka karɓe wurin da aka daɗe ana kasa karɓa.

Ƙafa ɗaya a ƙasa

Daga nan ne ginshiƙin dabarun ƙaramin rukuni ya samo asali, kuma har yau bai canja ba: babu mai motsawa sai wani na harbi dominsa. Masu horarwa na Birtaniya sukan ce a bar ƙafa ɗaya a ƙasa. Rabin rukuni na kwance yana barin wuta, ɗaya rabin ya tashi ya ci 'yan taku, ya kwanta, ya karɓi harbin, sannan na farko su tashi. Tazarar gudun gajera ce ƙwarai, daƙiƙa uku zuwa biyar, gwargwadon lokacin da abokin gaba yake buƙata ya gan ka, ya ɗaga bindiga, ya auna.

Akwai abin da mutane da yawa ba su fahimta ba game da wannan harbi. Mafi yawan harsasan da ake ɓarin su a fagen fama ba a sa ran za su sami kowa. Aikinsu shi ne su tilasta wa na cikin rami ya sunkuyar da kai. Mutumin da ƙasa ke tartsatsi a gaban fuskarsa ba ya leƙowa ya auna, kuma muddin kansa na ƙasa, ana iya takawa a zagaye shi. Shi ya sa ake cewa a fara cin nasarar musayar wuta kafin a yi tunanin farmaki. Wanda ya tashi da gudu kafin a danne abokin gaba ya miƙa kansa ne kawai. Wanda kuma ya kwanta yana ta harbi ba tare da kowa na motsawa ba, albarusansa yake ƙonawa a banza, kuma soja ba ya ɗauke da abin da ya wuce 'yan mintuna na harbi ba ƙaƙƙautawa.

Yadda kowace ƙasa ta gina ƙaramin rukuninta ya nuna yadda take kallon wannan lissafi. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun gina rukunin mutum goma a kewayen bindiga mai jigida guda ɗaya, MG34 da farko, daga baya MG42 wadda ke aman harsashi kusan 1,200 a minti. A wurinsu ita ce uwar yaƙi, sauran 'yan bindigar suna nan ne su ɗauko mata jigida, su tsare mata gefe, su mamaye wurin da ta share. Sashen Birtaniya shi ma mutum goma ne, an kasa shi biyu: gungun bindigar Bren mai sarrafa kanta a hannun mai igiya ɗaya, da gungun 'yan farmaki a hannun kofur. Sojojin kundumbala na ruwan Amurka sun zo da nasu a 1944, mutum goma sha uku, shugaba ɗaya da gungu uku na mutum huɗu-huɗu, kowane gungu da bindigarsa mai sarrafa kanta. A yau sojan ƙasan Amurka na tafiya da mutum tara, Birtaniya da takwas, dukkansu gungu biyu masu ƙarfin wuta kusan iri ɗaya, ta yadda kowanne zai iya zama mai dannewa ko mai zagayawa. Dalilin da ya sa adadin bai taɓa yin nisa da goma ba a bayyane yake. Mutum ɗaya, cikin ƙara da hayaƙi, ba ya iya bin diddigin fiye da mutum uku zuwa biyar da ido da murya.

Tsarin da Birtaniya ta koyar, wanda rundunonin ƙasashen da ta mulka suka gada, ya kasa arangama mataki shida, kuma na farkonsu tun kafin a bar sansani ake yin sa: a duba makami, a raba albarusai, a ɗaure duk abin da ke ƙara a jiki, kowa ya san wanda ke damansa da hagunsa, ya san kuma wa zai karɓi jagoranci idan kofur ya faɗi. Na biyu shi ne martani ga wutar da ke cin mutum. Soja ya mayar da harbi ta inda yake zaton ta fito, ya zabura, ya zube, sannan ya ja ciki ya bar wurin da ya faɗi, domin can ne idon maharbi ya tsaya. Wannan jan cikin na 'yan taku kaɗan shi ne abin da sabon soja ya fi mantawa, shi ne kuma ya fi ceton rai.

Mataki na uku ya fi kowanne wuya, wato gano inda abokin gaba yake. A fim ana ganin mai harbi ƙuru-ƙuru. A daji ba a ganin komai sai ganye da ƙura. Ana koya wa soja ya saurari sauti biyu. Harsashi ya fi sauti gudu, don haka za ka fara jin tsawarsa a saman kanka kamar an kaɗa bulala, sai daga baya ƙarar bakin bindigar ta iso. Ta biyun ce ke nuna wajen da aka harbo, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ke ba da kintacen nisa. Wanda ya hango wani abu dole ya iya faɗa wa sauran cikin kalmomi kaɗan da kowa ya haddace: nisa, waje, alama. Sai a danne, sai a kai farmaki, yawanci ta gefe, ta hanyar da ƙasa ta ba da rufin asiri. Mataki na ƙarshe shi ne sake shiri, kuma a nan ne rukunin da bai ƙware ba yake faɗuwa. An karɓe wuri, jiki ya saki, albarusai sun yi ƙasa, kowa na haki. Jamusawa sun shahara da mayar da farmaki nan take a daidai wannan lokaci, tare da ruwan bama-baman turmi a kan ramin da suka bari, tunda sun san nisansa daidai wa daida. Don haka aka mayar da shi ƙa'ida: kada a zauna a kan wurin da aka karɓe, a ɗan wuce shi, kowa ya fuskanci wajensa, a ƙirga mutane, a ƙirga harsashi, a duba masu rauni.

Gonar Brécourt

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda abin yake idan ya yi kyau. Safiyar 6 ga Yuni 1944, ranar da dakarun ƙawance suka sauka a gaɓar Normandi ta Faransa, wasu igwoyin Jamus guda huɗu masu bakin milimita 105 suna ɓoye a jikin shingen itatuwa na wata gona mai suna Brécourt, kusa da ƙauyen Sainte-Marie-du-Mont, suna luguden wuta a kan hanyar fitowa daga gaɓar da aka laƙaba wa Utah. Sojojin laima na Amurka da aka zubo cikin dare sun warwatsu ko'ina. Kwamandan kamfanin E na rejimanti ta 506 ya mutu a jirgin da aka harbo, jagoranci ya faɗo kan Laftanar Richard Winters, mai shekara 26. Aka ce ya je ya kashe bakin igwoyin. Mutum goma sha biyu ne a hannunsa, masu tsaron wurin kuwa sun kai hamsin.

Abin da ya fara yi shi ne ya bar mutanensa a baya ya ja ciki shi kaɗai ya leƙa. Ya ga igwoyin a jere, rami ɗaya mai tsawo ya haɗa su, bindigogi masu jigida na tsaron su daga can ƙetaren fili. Sai ya dasa nasa masu jigidar guda biyu inda za su danne igwa ta farko. Ya tura Laftanar Lynn Compton da mutum biyu su zagaya ta gefe su jefa gurneti. Wasu biyu suka nemi wurin harbi daga ɗaya gefen, ɗaya daga cikinsu, Saje Carwood Lipton, har bishiya ya hau. Da gurnetin suka fashe, Winters da sauran suka ruga suka faɗa cikin ramin.

Daga nan ramin da Jamusawa suka haƙa don kare kansu ya zama hanyar da aka bi aka cinye su. Masu jigidar da ke ƙetaren fili ba sa iya samun wanda ke cikinsa. Amurkawan suka riƙa bi daga igwa zuwa igwa, kowace sai an danne ta, a jefa gurneti, a ruga. Suka riƙa cusa nakiya a bakin igwoyin suna tayar da ita da gurnetin Jamusawan da suka tsinta a wurin. Ta huɗun, Laftanar Ronald Speirs na kamfanin D ne ya zo da 'yan mutanensa ya karɓe ta. Winters ya kuma tsinci taswirar da ke nuna wuraren igwoyin Jamus na yankin. Da albarusai suka yi ƙasa, aikin kuma ya kammala, bai tsaya neman ƙarin suna ba, ya janye mutanensa.

A ganina abin lura a wannan labari shi ne rabon aiki tsakanin hadda da tunani. Babu wani littafin horo da ya san da gonar Brécourt, ko ya ce a bi ta cikin rami. Wannan idon Winters ne da hankalinsa. Amma bai tsaya koya wa kowa yadda ake dannewa ko yadda ake zagaye ba. Kusan shekara biyu suka yi suna maimaita waɗannan abubuwa tare, tun daga sansanin Toccoa a jihar Jojiya. Kalmomi kaɗan da nuni da hannu sun ishe shi, sauran ƙwaƙwalwarsa ta tafi ga karanta ƙasa.

Lauyan da ya ɓata wa Montgomery rai

Ba kowa ne ya yarda da wannan salon horo ba, kuma masu sukarsa ba wawaye ba ne. Bayan an kwashe sojojin Birtaniya daga Dunkirk ta Faransa a 1940, Janar Harold Alexander ya ga cewa ƙananan hafsoshinsa, waɗanda jiya-jiya fararen hula ne, sun san ƙa'idojin yaƙi a takarda amma ba su san me za su yi da ƙafafunsu ba idan an buɗe musu wuta. Ya ba da shawarar a koya musu tsayayyun motsi da za su haddace. Wanda ya ɗauki abin da zafi shi ne Lionel Wigram, wani lauya daga Landan da ya zama hafsan soja. A 1941 ya jagoranci makarantar horon fama ta runduna ta 47 a Chelwood Gate, a 1942 kuma ya zama babban malami a makarantar da aka buɗe wa sojan ƙasa baki ɗaya a Barnard Castle. Ana horo da harsashi mai rai yana wucewa a saman kai, cikin taɓo da gajiya. Wasu makarantun sun wuce gona da iri, har suna watsa wa kurata jinin dabbobi wai don a cusa musu ƙiyayyar abokan gaba, sai da hukumar soja ta hana a 1942.

Tsofaffin hafsoshi da dama sun ce wannan hadda za ta kashe basira, ta sa kowane laftanar ya riƙa zagayawa ta dama ko ta hagu kamar injin, ko ƙasa ta yarda ko ba ta yarda ba. Wigram ya tafi tsibirin Sisili a 1943 don ya gani da idonsa, abin da ya rubuto kuwa ya girgiza har shi kansa. Ya ce a falatun mai mutum ashirin da 'yan kai, kusan shida ne jarumawan da za su je ko'ina, kusan goma sha biyu za su bi baya idan sun sami jagora nagari, sauran kuma za su nemi hanyar sulalewa. Ya ce sau da yawa farmakin da aka ci nasara waɗannan 'yan kaɗan ne suka yi shi, ba kamar yadda aka tsara a filin atisaye ba. Rahoton ya isa hannun Janar Montgomery, kwamandan dakarun Birtaniya a Sisili, ya fusata, aka rage wa Wigram muƙami. A Fabrairu 1944 aka kashe shi a garin Pizzoferrato na Italiya yana jagorantar haɗin gwiwar sojoji da 'yan sa-kan Italiya.

Ni dai ban karanta rahoton nasa a matsayin rushe horon ba. Abin da ya gano shi ne iyakarsa. Hadda ba ta mayar da matsoraci jarumi. Abin da take yi shi ne ta ba wa mutum goma sha biyun nan na tsakiya, waɗanda su ne mafi yawan kowace runduna a duniya, wani abu da hannunsu zai yi maimakon sandarewa, ta kuma sa idan jarumin ya tashi, akwai masu danne masa abokin gaba.

Daji, da mazan jiya na Bama

Inda haddar ta fi zama tilas shi ne inda ido ba ya kai wa nesa. A nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Najeriya suka fi yawa a cikinsu, tare da 'yan Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya, sun yi yaƙi da Japanawa a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Ta 81 ta ratsa kwarin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota, abinci da albarusai ta jirgin sama ake jefo musu, 'yan dako kuma su ɗauka a ka. Bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga cikin dakarun Chindit na Janar Orde Wingate da aka jefa bayan layin Japanawa a wannan shekara. A Janairu 1945 rundunonin biyu suka karɓe garin Myohaung. Sunayen barikokinmu na yau, waɗanda aka ɗauko daga wannan yaƙi, shaida ne: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung a Legas. Hausa kuwa ta daɗe tana zaman harshen bariki a rejimantin Najeriya, da ita saje da kofur da yawa suke magana da mutanensu.

A irin wannan daji yaƙin sintiri ne da kwanton ɓauna. Ana iya cin karo da abokin gaba a tazarar taku goma, a kan siririyar hanya inda mutane ke tafe ɗaya bayan ɗaya, na gaba ba ya ganin na baya. Hafsa Bature yana can wani wuri a layin, ba ya ganin komai. Wanda ke wurin shi ne mai igiya biyu ko uku, kuma abin da ya yi a daƙiƙun farko shi ne hukunci. Bayan yaƙin, a rikicin Malaya, ɓangaren ƙasar Malesiya ta yau, na 1948 zuwa 1960, Birtaniya ta tattara irin waɗannan darussa ta mayar da su tsayayyun martani na nan take, ana koyar da su a makarantar yaƙin daji ta Kota Tinggi.

Mafi tsananin su shi ne martani ga kwanton ɓauna na kurkusa, domin ya saɓa wa duk abin da jiki ke so. Wanda ya ɗana tarko ya riga ya zaɓi wurin, ya auna bindigoginsa a kansa, sau da yawa ya binne nakiya a ramin da ya san za a ruga a fake. Kwanciya a wurin mutuwa ce, gudu a miƙe ma haka. Abin da ake koyarwa shi ne waɗanda wutar ta rutsa da su, idan maharan na kusa ƙwarai, su juya su afka musu da duk abin da ke hannunsu, waɗanda ke wajen tarkon kuma su zagayo ta gefe. Babu mai hankalin da zai zaɓi haka da kansa yana cikin firgici. Sai wanda ya maimaita shi har ya gundure shi, tare da mutanen da ya tabbata za su tashi tare da shi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne abin da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Haddar ta rukuni ce, ba ta mutum ɗaya ba. Idan aka kwaso sojoji daga bataliyoyi daban-daban aka haɗa su jiya aka tura su daji yau, kowannensu na iya zama gwani, amma ba su san muryar juna ba. Tana kuma dushewa idan an daɗe ba a yi ba. Sojan da ya shekara a shingen bincike yana ɗaga wa motoci hannu ba shi ne wanda ya fito daga Defot na Zariya ko makarantar sojan ƙasa ta Jaji ba, sai an sake wasa shi. Wasawar kuma kuɗi ce: harsashi mai rai, fili, lokaci, da kofur ɗin da aka horar aka kuma ba shi izinin yanke shawara ba tare da tsoron za a hukunta shi don bai jira umarni ba. Ƙasa na iya sayen jirage da motoci masu sulke cikin wata shida, amma kofur nagari shekaru ake yi ana gina shi.

Sannan abokin gaba ma yana da ido. Duk martanin da aka haddace ana iya karanta shi. Idan rukuni kullum ta dama yake zagayawa, wata rana zai tarar da nakiya a daman. A Iraƙi da Afganistan masu dasa bama-bamai sun riƙa lura da inda sojoji ke fakewa da inda suke taruwa don kwashe masu rauni, su dasa na biyu a can. Shi ya sa rundunonin kirki ke zama bayan kowace arangama su warware abin da ya faru dalla-dalla, su sauya abin da ya fara zama sananne.

Yaƙin Yukiren tun 2022 ya zo da tambayar da ba a gama amsa ta ba. Duk tsarin da aka gina tun 1917 ya dogara ne a kan cewa ƙasa na ɓoye mutum: tudu, kwari, shinge, rami. Ƙananan jirage marasa matuƙa masu arha, ɗauke da kyamara da bam, sun rage wannan rufin asiri ƙwarai. Kwanciya a bayan tudu ba ta kare mutum daga abin da ke kallonsa daga sama, taruwar mutum goma a wuri ɗaya kuma gayyatar wuta ce. Ɓangarorin biyu sun koma tura mutum biyu, uku, zuwa biyar, suna sulalewa ta layukan itatuwa, kowane gungu nesa da ɗan'uwansa. Rundunoni sun fara ƙara sabon martani a cikin abin da ake haddacewa: wa ke sauraron sama, me za a yi idan an ji kukan farfela, ta ina za a watse, a ina za a sake haɗuwa. Nauyin yanke shawara da ya sauko daga janar zuwa laftanar, daga laftanar zuwa kofur, yanzu yana sauka kan soja mai igiya ɗaya ko marar igiya sam, wanda ke tafe da abokai biyu da rediyo a kafaɗa.